Takunkumin da Inna Ta Ƙaƙaba wa Tukunyar Gidana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna ta cika ranar wata Talata da hantsi, tana zaune a kan tabarmarta tana ɓarar gyaɗa, kuma kafin la'asar sakaliya mun sallace ta mun kai ta makwancinta. Kwana uku muka yi muna karɓar gaisuwa a kan kujerun haya da aka jera a ƙofar gidan da take zaune da ƙanwata. Mutanen Karantina, tsohuwar unguwarmu a nan ƙasa mai tsarki, da rusau ya watsa su gabas da arewa duk sun zo, wasu rabona da su tun ranar da muka kwashe kaya. Aka yi ta zuba gahawa, ana miƙa dabino, ana rungume-rungume.

Ɗan Yaman mai baƙalar kan layi, wato kantin da take sayen kayan miya, shi ya fi kowa kuka. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana cewa, "Wallahi Hajja ta wahalar da ni, babu wanda ya taɓa wahalar da ni kamarta. Amma yau na buɗe kanti na rasa wanda zan yi faɗa da shi." Kawu, ƙaninta da ya taso daga Makka, ya share ido da gefen rawaninsa ya ce, "Allah ya jiƙan Yaya. Ta tafi da taurin kanta cif, ba ta rage wa kowa ko ƙwaya ba." A ɓangaren mata kuwa, matata ta ce wata tsohuwar aminiyarta daga cikin Hausawan Sudan ta yi ta nanata magana guda, wai an rufe mace mai baki ɗaya.

Sai wasu mutum biyu a bayana, ɗaya ya zunguri ɗaya ya ce, "Ga shi nan, shi ne ɗan da ba ta cin abincin gidansa." Da Larabci ya faɗa, ƙasa-ƙasa, sai ka ce ni ba a Karantina aka yanke min cibi ba. Ban waiwaya ba, domin gaskiya ya faɗa. Wata goma sha huɗu Inna ba ta sa lomar gidana a bakinta ba, ni ɗanta namiji tilo, kuma babu abin da na nema a duniyar nan cikin watannin kamar in ga ta ci. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da ita, don 'ya'yana da suke jin Hausa amma ba sa iya mayarwa su sami mai karanta musu wata rana. Kuma ba zan ɓoye ba, har yanzu da haushinta nake kwana.

Iyayenta a ƙafa suka taho aikin hajji, suka haife ta a hanya, suka zauna a nan ba su koma ba. Ba ta yi karatun boko ba, Larabcinta na kasuwa ne, amma da gyaɗa da yaji da girkin biki ta riƙe mu, ni da babbarmu da muke kira Yaya da ƙanwata, bayan rasuwar Baba. Mace ce gajera mai saurin tafiya, ba ta iya zama hannu rabbana ba, kuma ba ta yarda a ce mata sannu idan tana aiki, sai ta ce sannu ba ta sauke tukunya. Idan ta yanke magana takan rufe da kalma biyu: "Bakina nawa." Da ta faɗi haka, halas, zance ya ƙare, ko limami ka ɗauko ɓata lokacinsa za ka yi.

Lokacin da Baba ya rasu muna haya a unguwar Hindawiyya, bango ɗaya da wata Bafalasɗiniya mai ɗinki. Matar nan tun ranar da Inna ta shiga takaba ta fara aiko da abinci, wata huɗu da kwana goma, ba ta tsallake rana ba. Yawanci ganyen inabi ne da aka naɗe da shinkafa. Inna ta tsani abin, takan ce tsami ne zalla babu daɗi, amma takan cinye tas ta wanke farantin ta zuba gyaɗa ta mayar. Daga baya matar ta bi ɗanta wata ƙasa, labarinta ya yanke. Shekara talatin da wani abu ke nan, amma duk sanda aka ambaci Falasɗinu sai Inna ta ce, "Mutanen da na ci abincinsu a takaba."

To, da aka fara ruwan wuta a Gaza, Inna ta zama wata iri. Wayar da muka saya mata don ta riƙa jin muryar jikoki ta koma gidan rediyo. Daga safe zuwa azahar tana manne da ita a kunne, tana ɓarar gyaɗa tana tsaki. Mun taɓa ce mata ai mu ma an rushe mana unguwa, ta harare mu ta ce, "Ku rufe min baki. Ku an rubuta muku sanarwa a bango, kun kwashe har da turmi. Waɗannan a kansu ake rushewa." A rediyon ne ta ji ana ta maganar takunkumi, a daina ciniki da masu zalunci, a janye jakada, a rufe musu tasha. Maganar ta shige ta ƙwarai. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne manyan duniya da za su kira taro, su tashi ba su yi ko ɗaya ba.

"Sun sake zama?" takan tambayi ƙanwata.

"Sun zauna, Inna."

"Me suka yanke?"

"Sun yi Allah wadai."

"Allah wadai! Ni ma da nake kan tabarma na yi Allah wadai tun asuba, ban hau jirgi ba, ba a dafa min shayi ba. Su da suke da jirage da tashar ruwa, abin da suka iya ke nan?"

Sai ta fara nata takunkumin. Mai baƙala ne ya fara ɗanɗana kuɗarsa. Tunda ba ta iya karatu ba, sai ta tsaya a cikin kantin ta sa shi ya karanta mata bayan kowane gwangwani, a ina aka yi, na wane ne, mutane na layi a bayanta suna yalla ya Hajja, wato ta yi sauri, ita ko a jikinta. Idan ya gaji ya ce bai sani ba, sai ta ce ya kira wanda ya kawo masa. Akwai wani tumatirin gwangwani da ta yanke wa hukunci don kawai launinsa ya yi mata kama da wani da ta gani a hoton da mata ke turawa a waya. Wata huɗu tana hana matan layi sayensa, har ta taɓa zaro shi daga ledar wata amarya a bakin ƙofa. Daga ƙarshe aka gano a nan bayan gari ake yin sa, kuma babu ruwansa da kowa. Inna ba ta ji kunya ba ko kaɗan. Ta je ta sayi guda shida, ta ce diyya ce, ta raba wa matan da ta hana.

Mu muna ta dariya a lokacin. Ban san wutar tana tahowa gidana ba.

Ni direba ne. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa motar rabon kaya ta wani kamfanin lemon kwalba, irin wanda sunansa daga waje ya zo amma a nan ake zubawa. Su ne kafilina, wato iƙamata, takardar izinin zama, da ta matata da ta yarana uku duk a ƙarƙashinsu suke. Wanda aka haifa a garin nan ba shi da takardar ɗan ƙasa ya san abin da nake nufi: idan kafili ya sake ka ba ka kama wani ba, daga makarantar yara har asibiti sai komai ya tsaya, kuma ƙasar da za a ce ka koma ban taɓa taka ta ba. Sunan lemon ya fito a cikin jerin da ake turawa a waya. Ko jerin gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ni ban sani ba, kuma har yau ban sani ba.

Al'adarmu ce tun aurena, kowace Juma'a bayan masallaci matata ta yi tuwo ta zuba a kwano in kai wa Inna, ita kuma ba ta mayar da kwano fanko, sai ta sa gyaɗa ko yaji ko alewar yara. Ciyayya ce irin ta gida, da ita muka tashi a Karantina. Wata Juma'a na kai, muka gaisa lafiya lau, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Da na tashi tafiya sai ta miƙo min kwanon yadda na kawo shi, da ɗuminsa, ta ɗora ƙullin gyaɗa a kan murfin.

Na ce, "Inna, ba ki juye ba."

Ta ce, "Ba na ci."

"Ba ki da lafiya ne?"

"Lafiyata lau. Da albashin lemon nan aka yi cefane, ba na ci."

Na yi dariya, na zaci wasa ne. Juma'a ta zagayo, kwano ya dawo. Ta uku ma haka. Matata ta zauna a kicin ta yi kuka, ta ce ko wani laifi ta yi, na kai ta har gaban Inna. Inna ta jawo ta jikinta ta ce, "Ke 'yata ce, hannunki albarka ne da shi. Ba da ke nake ba, ba kuma da wancan nake ba. Da tukunyar nake."

Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Na ce masu wurin mutanen ƙasar nan ne, masu aikin kuma mu ne, da 'yan Bangaladash da 'yan Sudan, talakawa irinmu. Na ce idan na ajiye aikin nan yau, gobe jikokinta ba su da takarda. Na ce ƙin cin tuwonta ba zai tsayar da harsashi ko ɗaya ba. Ta bar ni na gama, tana ta ɓarar gyaɗarta, sannan ta ɗago.

"Na ce ka bar aiki?"

"Ba ki ce ba."

"Na tsine maka?"

"A'a, Inna."

"To me ya kawo dogon turanci? Ni ba ƙasa ba ce. Ba ni da jakadan da zan janye, ba ni da tashar da zan rufe. Maƙogwaro gare ni, shi na rufe. Bakina nawa."

Kun ji fa! Da ta ce in bar aikin, da na san da umarni nake jayayya. Da ta yi fushi, da na durƙusa na ba da haƙuri. Amma ina, kullum da fara'a take tarbata, ta sa min albarka idan zan tafi, ta kira ni a waya idan ta ji an yi haɗari a titi. Abincina ne kawai ba ta ci, maganin sukarinta ma ta hana ni saye, sai da kuɗin gyaɗarta ko na ƙanwata. Ni kuwa ina kallon wuyanta yana ramewa, domin ƙanwata aikin yini take yi, girkin gidan sama-sama ne. Wallahi akwai ranar da na fito daga wurinta na zauna a mota na daki sitiyari har hannuna ya kumbura.

Yaya ce ta kawo shawarar fasa-ƙwauri. Ta ce matata ta riƙa girkawa, a kai gidanta, ta juye a kwanonta ta kai wa Inna a matsayin nata. Muka yi murna, muka ga mun yi dabara. Ranar farko Yaya ta ajiye kwano, Inna ta buɗe, ta sunsuna, ta sa cokali ta juya miyar sau ɗaya ba ta kai baki ba. Ta ce, "Yaushe kika koyi yanka albasa siriri haka? Ke da tun kina yarinya kike yanka ta kamar za a ba jaki." Yaya ta fara kame-kame. Inna ta rufe kwanon ta ce wanda ya taimaki mai laifi ya tsallake shinge shi ma ya shiga ciki. Mako shida ba ta ci na gidan Yaya ba. Yaya ta kira ni tana masifa, wai na ja mata, alhali ita ta kawo shawarar.

Amma a faɗi gaskiya, kaya ba su daina fitowa daga wajenta ba, shiga ne kawai ba sa yi. Kowace Juma'a yarana sai sun sami ƙullinsu. Da autata ta kwanta a asibiti da ciwon ƙirji, Inna ta riga kowa zuwa, da fulas ɗin kununta da 'yar tabarmarta, ta yini tana tofa mata addu'a har kwana biyar. Yarinyar ta miƙa mata biskit ta ce, "Kuli ya Sitti," wato ci, Kaka. Na zuba ido in ga yadda za ta yi. Ta karɓa, ta sumbaci hannun yarinyar, ta ɓare ledar, ta mayar mata a baki ta ce mara lafiya shi ke ci. Ko a nan ba ta faɗa tarko ba.

Sau ɗaya na ɗaga mata murya, kuma ina roƙon Allah ya yafe min. Ranar ƙaramar Salla ce, gida cike, kowa ya ci na kowa, ita ta ture farantin da matata ta kawo gefe a hankali. Na ce, "Haba Inna! Duniya duk ta kasa, sai ke? Su can ba su ma san kina raye ba. Ni kike horarwa, ba kowa ba." Ta dube ni ta ce, "Na san kai nake ƙonawa, ɗan nan. Ni ma ina ƙonewa. Kana tsammani ba na marmarin tuwon gidanka? Takunkumin da bai ci mai shi ba ai surutu ne, irin na masu taro." Ta tashi ta shiga ɗaki, ni kuma na kwashi yarana muka tafi ba mu yi sallama ba.

Daga ranar na fara neman wanda zai karɓi kafalata. Ba don na yarda da hujjarta ba, ni dai na gaji da ɗaukar kwano da nauyinsa ina saukowa daga bene. Neman sabon kafili ga mai shekara hamsin da iyali ba wasa ba ne. Wannan ya ce sai matashi, wancan ya ce in dawo bayan hajji, wani ya yi min alkawari ya daina ɗaga waya. Sai da aka shafe watanni kafin wani dillalin kayan gwari a babbar kasuwar kayan miya ya yarda ya ɗauke ni in riƙa yi masa jigilar tumatir da albasa. Albashin bai kai na da ba, aikin kuma ya fi karya baya. Ranar da saƙon canjin ya shigo wayata, ko gida ban biya ba, na wuce wurinta da kayan aiki a jikina.

Na ce, "Inna, halas. Na bar su. Yanzu tumatir nake ɗauka."

Ta ajiye gyaɗar, ta ɗaga hannu sama ta yi ta godiya ga Allah, ta shafa kaina kamar yaro. Na ce to Juma'ar nan za a kawo tuwo. Sai ta ce, "Tsaya tukuna. An biya ka a sabon wurin?"

"Sai ƙarshen wata."

"Shinkafar da ke gidanka yanzu, da man, da wane albashi aka saya?"

Na ce, "Inna, don girman Allah!"

"Ba gaggawa. Wanda ya yi wata goma sha uku zai iya ƙara ɗaya. Idan sabon ya shigo, ka yi cefane da shi tun daga gishiri. Ka ce wa 'yata tuwon masara nake so, miyar busasshiyar kuɓewa, ta sa kifi, kada ta cika yaji."

Na sauko daga benen nan ina magana ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Wace irin mace ce wannan? Ƙanwata ta faɗa min daga baya cewa tun daga ranar, kowace safiya kafin ta fita aiki sai Inna ta tambaye ta saura kwana nawa wata ya ƙare. Ranar Talatar da ta cika, amsar ita ce goma sha ɗaya.

A rana ta uku ta zaman makoki akan yanka rago a dafa shinkafa a ciyar da masu gaisuwa, sadaka ga mamaci, kuma 'ya'ya ke haɗawa. Da safe Kawu ya ja ni gefe ya ce yayata ta ba da nata, ƙanwata ta ba da nata, saura ni, kuma ni ne namiji, rago a kaina yake. Na sa hannu a aljihu. Kuɗin suna nan, sun isa har da ragi, amma duk na tsohon wurin ne. Na tsaya da hannuna a ciki, na kasa fito da shi.

Kawu ya ce, "Mene ne?"

Na ce, "Kawu, na lemon ne."

Ya dube ni kamar ya kai min mari. "Kai, ka shiga hankalinka. Ta rasu fa! Ba ita za ta ci ba, mutane za su ci."

Na ce, "Sadakar tata ce, wurinta ladan zai je. Ka san Yayarka. Ko a can sai ta tambaya da me aka saya."

Sai ya juya min baya yana share ido da gefen rawaninsa. Shi ya sayi ragon. Bayan magariba aka fito da manyan farantai, mutane suka zauna suka ci sadakar uwata, babu ƙwayar shinkafata ɗaya a ciki. Na san abin da aka faɗa a kaina a unguwa, wai ɗanta namiji ya ƙi sa ko riyal a sadakar ukunta, kuma ban tsaya yi wa kowa bayani ba. Na ɗauki buta da sabulu na tsaya a bakin ƙofa ina zuba wa mutane ruwan wanke hannu har na ƙarshensu ya fita.

Kwana goma sha ɗaya, Inna. Kin iya jiran wata goma sha huɗu da yunwarki, kika kasa jira min kwana goma sha ɗaya. Ban yafe miki wannan ba tukuna, amma na yafe sauran duka, ke ma ki yafe min muryar da na ɗaga. Allah ya yalwata miki makwanci, ya kawo wa mutanen da kika ci abincinsu a takaba sauƙi, ya ciyar da ke a inda ba sai kin tambayi asalin abin da aka ajiye miki ba.